Sambon Cikin Akwati

Ƙanena Atiku bai taɓa riƙe fartanya har ta yi masa kanta a hannu ba, amma shekarar da ya dawo daga Kwatano sai da manyan yatsunsa biyu suka yi kanta. Danne-danne ne ya yi masa. Bin wani dillalin motoci ya yi zuwa can, mu muna nan Gwandu muna sa ran zai dawo da jari, ko aƙalla da hankali, sai ga shi da talabijin da ɗan janareto da wani akwati mai ruwan toka da ya naɗe cikin bargo kamar jinjiri. Wai gem. Ya kafa kayansa a shagon ƙofar gidanmu, wanda bango ɗaya ya raba shi da ɗakina. Ni ce Hajjo, yayarsa. A lokacin aurena ya mutu ina zaune gida, don haka duk kiɗa da ƙugin da akwatin nan ya yi, a kunnena ya ƙare.

Ba irin gem ɗin ƙwallo ko dambe ba ne da ake bugawa a tashi. Wannan labari ne dogo da ba ya ƙarewa. Kai ne jarumi, kana yawo gari gari kana tara abokan tafiya, suna yi maka magana da Turanci a rubuce, kana zaɓar abin da za ka ce musu. Atiku ya ɗan taɓa boko kafin ya watsar, shi ne mai fassara. Samarin unguwa kuwa, ƙatti masu gemu da ya kamata a ce suna gona, su cika shago su buɗe baki, suna gardama a kan ko ya dace a yafe wa wata maharbiya mai koren gashi. Koren gashi, jama'a.

Wata rana na kai masa abinci ya tsare ni.

"Adda, zamna ki ga ikon Allah. Kin ga wanga ƙato mai gatari? Yanzu yat tambaye ni in bar shi ya tahi ganin uwatai. Amsa ukku anka ba ni. In lallashe shi, in yi mai tsawa, ko in yi kurum. Wadda dut nid danna, shina riƙe ta ga rai."

"To in ka yi mai tsawa ya yi hushi hwa?"

"Sai in ba shi kyauta. Kowa da abin da yaka so. Shi zuma, ita maharbiyar hure. Kin ga wanga jan layi? Shi na ƙaunar da yaka yi min. Da na ba shi zuma sai layin ya hau." Ya nuna wani ɗan kati da ke soke a jikin akwatin. "In ko abu ya ɓaci sarai, wanga shi ka riƙe wasan. In koma inda nib bari, in sake amsa. Adda, ni ban taɓa rasa aboki ba cikin gem ɗin ga. Ko guda."

Ya faɗe shi yana buɗe hanci, kamar wanda ya sauke Alƙur'ani. Na ajiye masa kwanonsa na ce Allah ya ƙara basira, samarin suka ce amin, don ba su gane ba.

Abin haushin shi ne yaron nan yana da aboki na gaske, irin wanda wani ke shekara yana roƙon Allah bai samu ba. Sambo. Iyayensa mutanen Wurogauri ne ta wajen Kalgo, amma a hannun kakarsa ya tashi, maƙwabciyarmu. Rana ɗaya aka yi musu kaciya da Atiku. Tun suna yawo ba wando akushi ɗaya suke ci, wani baƙin akushi na tsohuwar mai tsaga a baki, kuma ba wanda ya isa ya sa hannu na uku. Da tsohuwar ta rasu Sambo ya koma garinsu noman shinkafa a fadama, ya tafi da akushin, duk kuwa ranar da Atiku ya je sai an ciro shi. Shekarar da Atiku ke Kwatano, geron Babanmu ya nuna ba mai girbewa, tsoho ga ciwon ƙafa. Ba wanda ya aika wa Sambo. Ji kawai ya yi, ya kwaso mutanensa a bayan akori-kura suka girbe mana gona, suka ɗaure, suka tafi. Ko furar kirki ban samu na dama musu ba.

Ladan da Atiku ya ba shi shi ne ya raɗa wa ƙaton nan mai gatari suna Sambo. Ashe gem ɗin yana barin mutum ya sa wa abokan tafiyarsa sunan da ya ga dama. Mu dai a cikin gida muka riƙa cewa Sambon akwati, don a bambance.

Damina ta ja baya, shinkafa ta nuna, sai katin nan ya lalace. Ba ya riƙe komai. A daidai lokacin kuma wasu maƙiya suka kama Sambon akwati suka kulle shi a ƙarƙashin wani dutse, Atiku ya shiga nemansa. Wato in akwatin ya mutu ko na ƙiftawar ido, duk wahalar watanni ta bi ruwa, kuma in ya yi zaɓin banza ba komawa baya. Wutar gari ba abin dogaro ba ce, sai ya ɗora akwatin a kan janareto ba dare ba rana. Shekarar wahalar mai ce, masu motoci na kwana a layi, ƙanena yana bin 'yan bumburutu da galan don kada wani zane ya mutu. Yana zuba mai injin na aiki. Sallah ma a gurguje yake yin ta, kunnensa na wajen janareto.

Cikin wannan hali Sambo na gaske ya zo, ranar wata Litinin, da ƙullin goro a aljihu. Ya shiga ya gaida Baba, ya leƙo ya gaishe ni, ya ce Salamatu matarsa tana roƙon in zo in kama mata girki, don cikinta ya tsufa. Gayya zai yi ranar Alhamis. Ruwan gulbi ya fara hawa, in ba a yanke shinkafar a yini ɗaya ba, kifi zai ci.

Na bi shi da ruwan sha har shago, don haka a gabana aka yi. Atiku ya rungume shi da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da madannin gem. Ya nuna masa ƙaton a cikin kurkuku, da sunansa rubuce a ƙasa. Sambo ya yi ta dariya har da hawaye, bawan Allah, abin ya yi masa daɗi.

"Kai Atiku, ni na wanga? To ai ka hiddo ni!" Ya kwance ƙullin goro. "Ni ma na gaya wa Salamatu, in namiji ta haihwa, sunanka za a sa mai. Ga goron gayya. Hannuwa nika so, ruwa ya matso."

Atiku ya ɗauki goro ya ɓare ya jefa a baki. Ya miƙa sauran ga samarin, kowa ya ɗauka.

"Kwantar da hankalinka. Ni da kaina zan zaka, da duk waɗanga da kaka gani. Mota guda za mu cika. Ka dai sa a tuƙa tuwo da yawa, mutanen Gwandu ba su wasa da ciki."

Ko yaron goye a ƙasarmu ya san abin da cin goron gayya yake nufi. Wanda ba zai je ba, ba ya ɗauka, sai ya ba da uzuri tun a nan a san da wa za a lissafa. Amma ka tauna, ka haɗiye, ka sa mutum ya yanka dabba da sunanka, to ko da rarrafe sai ka je.

Ranar Laraba na shirya. Na leƙa shago na ce wa Atiku mu tafi tare mana. Ko waiwayowa bai yi ba.

"Yi gaba, Adda. Saura ƙohwa guda in kai gare shi. Da asuba muna bisa hanya."

Na hau bas zuwa Birnin Kebbi, na sake wata zuwa Kalgo, mashin ya ƙarasa da ni Wurogauri. Na tarar Salamatu da ƙafafu a kumbure tana surfe. Sambo ya yanka bunsuru, ya ƙara awon shinkafa saboda baƙin Gwandu. Ya aro laujuna a maƙwabta ya wasa su ya jera a zaure, ya ware ɗaya mai sabuwar ƙota, ya ce wannan na Atiku ne, hannunsa bai saba ba, kada tsohuwar ƙota ta ji masa.

Da gari ya waye mutanen ƙauye suka fita fadama, makaɗi na gaba da gangarsa. Mu mata muka bi baya da hantsi ɗauke da kunu. Gonar Sambo doguwa ce, ta gangara har bakin ruwa. Ya sa mutanensa sun kama daga sama, ya bar ɓangaren ƙasa, wai na mutanen Gwandu ne, su da yawa, za su share shi kafin azahar. Ya riga ya gaya wa makaɗin sunan amininsa don a yi masa kirari. Shi kuwa makaɗi abin nema ya samu, yana kiɗa yana kiran Atiku na Gwandu, mai zuwa da runduna, ga hanya an share. Ya kira da hantsi. Ya kira da rana ta take. Tun mutane na ɗaga kai su dubi hanya har suka koma yin dariya ƙasa ƙasa. Daga baya Sambo ya je ya yi masa magana a kunne, ya canja kiɗa.

Aka kawo tuwo. Kowa ya samu inuwa ya zauna da abokin cinsa. Sambo ya ɗauki baƙin akushin ya koma gefe, ya ajiye a gabansa bai buɗe ba, yana fuskantar hanya. Ni kunya ta hana ni ɗaga ido. Kwanukan mutanen Gwandu na jere a rufe, ƙuda na bi.

Can sai ga ƙarar mashin. Sambo ya miƙe tsaye har yana tuntuɓe. Albarka ne, ɗan kabu-kabun unguwarmu, shi kaɗai, da kwali ɗaure a bayan mashin. Ya sauko yana soshe-soshen ƙeya, ya rasa inda zai sa kansa. A gaban duk 'yan gayya ya miƙa kwalin.

"Atiku yac ce in kawo ma. Rediyo na, sabo. Yac ce ya san kana son rediyo. Wai uzuri ya riƙe shi, in ya hiddo... in ya ƙare abin da yaka yi shina nan tahe."

Wani dattijo da ke suɗe hannu ya ce, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "To Sambo, an biya ka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ma cewa ya yi ba shi da lafiya, da ma ƙarya ya shirga, da an san yana jin nauyin mutane. A'a. Shi a lissafinsa ya danna amsar da ba ta yi daɗi ba, jan layi ya ɗan sauka, sai a kai zuma. Wawan ya ɗauka gayya kasuwa ce.

Sambo ya karɓi kwalin da hannu biyu. Ya ce an gode, Allah ya saka. Ya sa aka ba Albarka tuwo da nama, ya ɗaura masa damin shinkafa a mashin tukwici. Sannan ya ɗauki laujen nan mai sabuwar ƙota ya gangara ƙasa shi kaɗai, akushin na nan a rufe inda ya bar shi. Da mutane suka gama nasu suka bi shi, amma rana ta riga ta yi sanyi, ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Suna yanka yana cinyoyinsu, har magariba ta kore su. Washegari ɓangaren mutanen Gwandu ya zama gulbi, sai kawunan zangarniya nan da can. Bunsurun kuma muka bi gida gida muna rabawa kada ya lalace.

Da na koma Gwandu tun daga bakin titi nake jin sowa. Shago ya cika maƙil, ana tafi. An fito da Sambon akwati. Ga shi nan a talabijin yana rungume da jarumi, rubutu na gudu a ƙasa, Atiku na fassara wa jama'a: wai ya san amininsa ba zai taɓa barinsa ba. Har da share ƙwalla. Wallahi sai da na dubi janareton nan na dubi tulun ruwa, na yi ta'awizi.

Na kira shi cikin gida na zazzage masa komai, makaɗi da lauje da tuwon da ya kwana da shinkafar da ruwa ya ci. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar likita.

"Ya amshi rediyon?"

"Ya amsa."

"Da hannu nai?"

"Da hannu biyu ma."

"To shi ke nan, Adda. In da bai huce ba, ba ya amsa. Ke ba ki san Sambo ba. Ni na san abokaina."

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Bayan 'yan makonni Salamatu ta sauka, namiji. Na riga Atiku tafiya don aikin suna. Shi kuma ya iso da safiyar ranar cikin babbar riga da ya ara, yana ƙamshin turare, yana raba wa mutane hannu. Liman ya yi addu'a, aka faɗi suna: Abubakar Atiku. Sambo mutum ne, abin da bakinsa ya furta ba ya lashewa. Ni kaina sai da na yi mamaki, na ce ko dai ni ce ban san duniya ba.

Ai kuwa sai ga ƙanena a bakin ƙofar mata yana washe haƙora, yana yafuto ni.

"Adda, mi nic ce miki? Kin ji sunan? Layi ya cika!"

Na ce na ji, ya koma wajen maza kada a yi da shi.

Lokacin rabon abinci ni ke kan tukunya. Sambo ya shigo da kansa. Na jawo baƙin akushin na cika shi, na zaɓi tsoka mai kyau na ɗora, kamar yadda aka saba. Ya tsaya yana kallo har na gama.

"Adda, wanga ni ka ɗauka. Baƙonmu na Gwandu kuma a zuba mai ga tangaran. Salamatu, ina tangaran ɗin ki na cikin kabad? A sa mai cokali. A ba shi nama mai kyau, ya sha hanya."

Salamatu ta dube ni, na dube ta. Farantin nan tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa ci a cikinsa ba sai sau ɗaya, da wani jami'in gona ya zo daga Birnin Kebbi. Na wanke shi na zuba. A saman kabad ɗin na hango kwalin rediyo, ko igiyar da Albarka ya ɗaure shi da ita ba a kwance ba.

Na bi bayansu na tsaya jikin zana inda take da ɓula. An shimfiɗa wa Atiku sabuwar tabarma shi kaɗai a inuwar zaure, har da matashi. Can ƙarƙashin tsamiya kuma mutanen ƙauye ne a kan tsofaffin buhuna, waɗanda suka shiga ruwa ranar gayya. Da Atiku ya hango Sambo ya fito da akushin, sai ya naɗe hannun babbar riga, ya jawo buta ya wanke hannu, ya matsa gefe ya bar masa rabin tabarma.

Sambo ya zo daidai gabansa ya ɗan rusuna.

"Malam Atiku, sannu da zuwa. An gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abinci nan tahe."

Atiku ya yi dariya. "Kai Sambo, yaushe niz zama malam? Zamna mana, tuwo na hucewa."

"A'a, a ci lahiya. In akwai abin da aka buƙata a yi magana."

"Sambo, zancen ranar nan, wallahi katin na ya..."

"Ba komi, ba komi. Ya wuce. Ya mutanen Gwandu? Ya ƙahwar Baba?"

Ya gwada wasa, ya gwada ban haƙuri, sai ya yi shiru yana jira, duk amsoshinsa uku sun ƙare. Sambo ya jira shi cikin ladabi, da ya ga ba sauran magana ya wuce da akushin zuwa gindin tsamiya. Ya ajiye a tsakiyar mutane ya buɗe. Hannuwa suka shiga, na dattijon nan da na makaɗi da na wasu da ban san sunansu ba, cikin akushin da ba a taɓa sa wa hannu na uku ba.

Na daɗe ina jiran ranar da zan ga idon yaron nan ya raina fata, na ɗauka daɗi zan ji. Ban ji ba. Ƙanena ne, ni na goye shi, kuma tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

Aka ajiye masa tangaran a gabansa, nama ya yi tozo, cokali na ƙyalli a gefe. Ya zauna a rabin tabarma da hannu a jiƙe, ruwa na ɗiga daga yatsunsa a kan rigar aro, yana kallon gindin tsamiya. Ba wanda ya waiwayo. Da hannun ya bushe, ya ɗauki cokalin.